Ga Ɗalibanmu Masu Auna Homon: Ku Rubuta Ƙarfe Nawa Kuka Ɗibi Jinin

Assalamu alaikum ƙannena masu shirin furojet a fannin haihuwa. Akwai kuskuren da ya yi yawa a ayyukanmu, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibi zai shafe mako huɗu yana ɗura wa ɓeraye ruwan wani ganye, ya ɗibi jini sau ɗaya tak, ya auna homon ɗin LH (sinadarin jiki mai sa mace ta saki ƙwai), sai ya rubuta cewa ganyen yana ƙara haihuwa ko yana hanawa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa ya ɗibi jinin, ko a wane mataki ɓerar take a zagayenta na haihuwa, sai ya yi shiru.

Wanda ya san aikin Ernst Knobil ba zai yi haka ba. An haife shi a Berlin a 1926, ya yi aikinsa a Amurka, inda ya shugabanci sashen nazarin ayyukan sassan jiki na Jami'ar Pittsburgh daga 1961 zuwa 1981. A 1970 shi da abokan aikinsa suka riƙa ɗibar jinin birai mata jinsin rhesus a kai a kai, 'yan mintoci tsakani. Sai suka ga ashe LH ba ya zama a mataki ɗaya. Yakan yi tsalle ya sauka, ya sake tsalle, kusan sau ɗaya a kowace awa. Da sau ɗaya a yini suke ɗiba, da har abada ba su gani ba.

Gwajin 1978 shi ne ya kamata ku haddace. Sun lalata gurbin ƙwaƙwalwa mai sakin homon ɗin GnRH, wanda shi ke umartar fituwitari (wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa) ta fitar da LH da FSH (homon mai sa ƙwai ya girma), sai duka biyun suka faɗi ƙasa. Da aka riƙa zuba wa biran GnRH ta jijiya babu tsayawa, LH da FSH ba su ɗore ba. Da aka koma ba su maikrogiram 1 a minti na tsawon minti 6, sau ɗaya a awa, sai suka farfaɗo. Aka mayar da su zubi babu tsayawa, suka sake faɗuwa. Sinadari ɗaya ne, dabba ɗaya, lokacin bayarwa kawai aka sauya. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin fituwitari suna daina jin umarni idan ba a ba su hutu ba.

Daga nan aka samu magani ta fuska biyu. Macen da al'adarta ta tsaya saboda rashin wannan umarni ana iya ɗaura mata ɗan famfo mai sakin GnRH duk minti 60 zuwa 90 har ta saki ƙwai. Allurar wani nau'in GnRH mai daɗewa a jiki kuma ana kashe tsarin da ita da gangan, a kansar furostet da balaga kafin lokaci. Shi ya sa a makon farko homon ke hawa kafin ya sauka.

To, ga abin da ya shafe ku. Zagayen ɓera kwana 4 zuwa 5 ne, kuma LH yana yin babban tashinsa da yammacin rana guda a ciki. Don Allah ku riƙa duba ruwan farjinta a madubin likita kowace safiya, aƙalla zagaye biyu kafin fara gwaji, sannan ku ɗibi jinin duka rukunonin, waɗanda aka ba ganyen da waɗanda ba a ba su ba, a mataki ɗaya da awa ɗaya. In ba haka ba, bambancin da kuka gani na rana ne, ganyen bai yi komai ba.

Haka yake a asibiti. Furojestaron, homon da ke nuna ko mace ta saki ƙwai, ana auna shi kwana 7 kafin al'ada mai zuwa. Rana ta 21 ta dace da mai zagayen kwana 28 ne kaɗai. Mai kwana 35 sai rana ta 28, kuma in aka auna ta da wuri za a ce ba ta sakin ƙwai alhali lafiyarta ƙalau. Ku tuna irin nauyin wannan magana a gidan aure. FSH kuwa tsakanin rana ta 2 da ta 5. Testostaron na namiji da safe, kafin ƙarfe 10, a kuma maimaita in ya yi ƙasa. Furolaktin, homon mai kawo ruwan nono, yana hawa da fargabar allura ma, don haka a bar mutum ya huta tukuna.

Ajiya ma tana ɓata aiki. Ku raba ruwan jini da ƙwayoyinsa da wuri, ku kasa shi a ƙananan kwalabe, ku sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Duk narkewa da sake daskarewa, irin wanda ɗaukewar wuta ke jawowa, na iya sauya sakamako. A jikin kowace kwalba ku rubuta lambar dabbar, kwanan wata, matakin zagaye, da ƙarfe nawa allura ta shiga.