Masoya na neman hatimin kamfani, marubuci na neman kuɗin asibiti

Tun ranar 24 ga Mayun 2025 da marubucin Amurka Peter David ya mutu yana da shekara 68, masoyan Star Trek, shirin talabijin da finafinan tafiya sararin samaniya, suka shiga abin da suka fi ƙwarewa a kai, wato jera sunayen littattafan da ya rubuta a kan shirin. Wannan ya ce a fara da Imzadi, wancan ya ce a'a, Q-Squared ya fi, na uku ya rantse cewa wanda bai karanta jerin New Frontier ba bai san mutumin ba. Ba ni da ja da zaɓin kowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata biyu kacal kafin wannan ruwan yabo, an sake buɗe asusun neman taimako a intanet domin biyan kuɗin jinyarsa. Mutumin da ya yi kusan shekara 12 yana rubuta labarin Hulk, wanda shi da mai zane Rick Leonardi suka ƙirƙiro Spider-Man 2099 a 1992, jarumin da ya zama ginshiƙin wani fim na 2023 da ya tara sama da dala miliyan 600, da ƙoƙon bara aka yi jinyarsa ta ƙarshe, bayan shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

A tsakiyar yabon ma sai da tambayar nan ta ɓullo, tambayar da ta zama cuta ga masu karanta irin waɗannan littattafai na rakiyar fim, wato waɗanda ake rubutawa da jarumai da duniyar wani fim ko shiri da izinin kamfanin da ya mallake shi: "To amma yana cikin sahihin labari kuwa?" Abin da mai tambayar yake nufi shi ne, shin kamfanin da ya mallaki sunan ya buga wa littafin hatimi cewa abin da ke cikinsa ya "faru"? Ya faru a ina, Allah na tuba? A duniyar da ake tafiya tsakanin taurari kamar mai zuwa kasuwar ƙauye? Duk ƙagaggen labari ne, na fim da na takarda. Amma sai ka ga mutum mai hankali ya ajiye littafin da zai hana shi barci don daɗi, ya ɗauki wani lami, saboda kawai wasu ma'aikata a wani ofishi a Kalifoniya sun ce wannan ne na yanzu.

Wannan tambaya ita nake yaƙi da ita, domin ita ce ta shafe marubuci daga lissafi. Duk wanda ya fara da ita ya riga ya yarda cewa darajar littafi daga mai hatimi take fitowa, wanda ya zauna ya yi watanni yana rubutu kuwa ɗan aike ne.

A duba abin da ya faru da Timothy Zahn, marubucin littattafan Star Wars. A 1991 shekara takwas ke nan rabon da a ga sabon fim na Star Wars, mutane da yawa sun ɗauka an rufe babin. Sai littafinsa Heir to the Empire ya fito, ya haye matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, aka gane ashe wutar ba ta mutu ba, toka ce ta rufe ta. Shi ya ƙirƙiro Thrawn, kwamandan yaƙin da ke nazarin zane-zanen abokan gaba don gane rauninsu. Sunan Coruscant da ake kiran babban birnin daular da shi a fim ɗin 1999, daga alƙalaminsa ya fito. Littattafai suka yi ta biyo baya fiye da shekara ashirin, marubuta da dama suna ɗora jan bulo a kan na juna. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ya mallaki Star Wars, a 2012 a kan dala biliyan 4 da ɗoriya, sannan a watan Afrilun 2014 aka fitar da sanarwa guda: duk waɗancan littattafai an mayar da su "tatsuniyoyi", an manna musu tambarin Legends, ba sa cikin sahihin labari. Ko wasali ɗaya bai canza a cikinsu ba. Amma daga ranar, ga wani rukuni na masoya, sun zama tuwon jiya.

Abin dariyar, bayan shekara biyu kamfanin ya koma cikin kwandon da ya zubar ya tsinto Thrawn, ya saka shi a zanen Rebels a 2016, ya kira Zahn ya sake rubuta shi daga 2017, har a 2023 aka gan shi da nama da jini a shirin Ahsoka. Wato hatimin da ake bauta wa ba shi da wata ƙa'ida face abin da zai yi kasuwa a bana. Gobe ma idan lissafi ya canza za a sake zubarwa.

Haka aka yi wa na Star Trek, sai dai su an bar su sun yi wa aikinsu jana'iza da hannunsu. Kusan shekara ashirin marubutan suna saƙa labari guda mai haɗe da juna bayan finafinan sun tsaya. Da sabon shirin Star Trek mai suna Picard ya zo a 2020 da nasa tarihin daban, sai aka ba Dayton Ward da James Swallow da David Mack littattafai uku a 2021 su rufe waccan duniyar baki ɗaya. Karen Traviss kuwa, wadda ta zauna ta ƙera wa mayaƙan Mandalorian na Star Wars harshe da al'ada, barin gidan ta yi, jerin littattafanta bai kai ƙarshe ba, ta koma rubuta wa wasannin kwamfuta irin su Halo da Gears of War.

Masu ɗaga hanci na cewa ai waɗannan ba adabi ba ne, aikin 'yan neman na cefane ne. Sai su je su gaya wa masu ba da lambar Hugo, babbar lambar yabo ta ƙagaggun labaran kimiyya, wadda James Blish ya ci a 1959 kafin ya taɓa Star Trek, Vonda McIntyre ta ci a 1979 kafin ta raɗa wa Sulu, ɗaya daga jaruman Star Trek, sunan Hikaru a littafinta na 1981, Zahn kuma ya ci a 1984. Wannan ya ishe su amsa.

Inda maganar ta fi ci mini rai shi ne batun kuɗi, kuma a nan ne ake ganin illar waccan tambaya tsirara. Kusan duk littafin rakiya aikin jinga ne. Buɗe shafin farko ka duba wanda ke da haƙƙin mallaka, sunan kamfani za ka gani. Marubuci yana karɓar kuɗin aikinsa, wani lokaci da ɗan kaso daga ciniki, wani lokaci babu. Jarumin da ya ƙirƙiro kuwa, a mayar da shi fim ko 'yar tsana ko hoton jikin riga, ya zama dukiyar mai gida. Wannan shi ne tsarin idan komai ya tafi daidai. Labarin Alan Dean Foster shi ne yadda yake idan bai tafi daidai ba.

Foster ne ya rubuta littafin Star Wars na farko, wanda ya fito a ƙarshen 1976, watanni kafin fim ɗin ya shiga silima, amma sunan George Lucas, mai fim ɗin, aka buga a bango. Shi kansa ya sha cewa wannan bai dame shi ba, labarin na Lucas ne, shi magini ne kawai, kuma magini ba ya neman a rubuta sunansa a jikin gida. Madalla da wannan tawali'u. Sai dai magini ana biyan sa. Ya rubuta Splinter of the Mind's Eye a 1978 da sunansa, ya rubuta littattafan finafinan Alien uku na farko, kuma yana da kason ciniki a rubuce. Da Disney ta haɗiye Lucasfilm, sannan ta haɗiye Fox, kamfanin finafinan Alien, a 2019, sai kason ya daina zuwa, alhali littattafan na nan a kanti ana sayarwa. A Nuwamban 2020 ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka, ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Mary Robinette Kowal, ta fito fili da maganar bayan an gaji da bin ta bayan fage. Foster, dattijo ɗan sama da shekara 70 mai fama da ciwon daji, matarsa kuma ba lafiya, sai da ya tsaya gaban duniya yana roƙon haƙƙinsa. Hujjar kamfanin, kamar yadda ƙungiyar ta bayyana, ita ce wai ya sayi haƙƙin cin moriyar littattafan amma bai sayi nauyin biyan marubucin ba. Ko a kasuwar dabbobi ba a irin wannan ciniki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An daidaita da Foster a 2021, amma kafin nan wasu marubutan sun fito suna cewa su ma haka aka yi musu, har aka kafa kwamiti na musamman don bin bashin.

Za a ce ai da idonsu buɗe suka sa hannu a kwangila, ba wanda ya ɗora musu wuƙa a wuya. Foster ma ya sa hannu, kuma abin da ke cikin takardar ne aka hana shi.

Yanzu a zo ga tambayar da masoya ke yawan yi cikin kewa, wai ina wane yake yanzu, me ya sa aka daina jin ɗuriyarsa. Amsar ba ɓoyayyiya ba ce. Wanda ya ci riba sosai shi ne wanda ya samu ya gina nasa gidan. Martha Wells ta rubuta littattafan Stargate Atlantis biyu a 2006 da 2007, ta rubuta na Star Wars ɗaya a 2013, wanda tun bai shekara da fitowa ba sanarwar Afrilu ta jefa shi kwandon tatsuniyoyi. A 2017 ta fitar da ɗan gajeren littafi na ƙashin kanta game da wani mutum-mutumin tsaro da ya ɓalle wa masu shi, ba ya son komai sai kallon finafinai masu dogon zango. Murderbot ke nan. Ta kwashi lambobin Hugo da Nebula, a 2025 kuma Apple TV+ ta mayar da shi shiri. Hannun da ya rubuta wancan shi ya rubuta wannan. Bambancin kawai, wannan karon sunanta ne a shafin haƙƙin mallaka. Kirsten Beyer ta bi wata hanyar, daga rubuta littattafan Star Trek na Voyager ta shiga ɗakin marubutan talabijin, har tana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Picard, shirin da ya rushe duniyar da ita ma ta taya ginawa. Zahn an dawo da shi saboda ana buƙatarsa. Sauran da yawa suna nan suna bin tarukan masoya, suna zaune bayan teburi da tarin littattafai suna sa hannu, suna jiran jinga ta gaba, a ƙasar da rashin lafiya guda ke iya cinye abin da mutum ya tara a shekara talatin.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Har zagin ma su ke sha. Da aka kashe Chewbacca, wani jarumin Star Wars da ake so, a littafin 1999, R. A. Salvatore ne ya sha barazanar kisa daga masoya, alhali shawarar a teburin masu kamfani da mawallafa aka yanke ta kafin a ba shi aikin. Idan abu ya yi daɗi a ce Star Wars ta burge, idan ya ɓaci a nemo sunan marubuci.

Shi ya sa jerin shawarwarin da ake yaɗawa ke ba ni haushi ko da an yi su da kyakkyawar niyya. Yawancinsu an tsara su ne bisa kalandar kamfani: karanta wannan kafin fim kaza, wancan ya cike giɓin da ke tsakanin zango na biyu da na uku, wannan kuma ka tsallake shi don an soke shi. Talla ce kyauta ake yi wa mai hatimi. Da wuya ka ga wanda zai ce maka, idan ka ji daɗin yadda Diane Duane ta rubuta mutanen Vulcan na Star Trek, to tana da jerin Young Wizards da ta fara tun 1983, nata ne halak malak. Ko ya ce Zahn yana da The Icarus Hunt na 1999, har ya dawo ya ɗora masa ci gaba daga 2022. A irin waɗannan ne kuɗin mai karatu ke isa aljihun wanda ya yi wahalar da ɗan kauri. Mai son marubuci da gaske can zai bi shi. Mai son tambari kuwa, a ba shi ko wane ne ya rubuta, ko ma na'ura ce, ba zai lura ba, kuma kamfanonin sun san da haka.

Ban ce a daina karanta littattafan rakiya ba, ni ma ina da su jibge. Ya kamata dai ƙungiyoyin marubuta su matsa a sa wa wanda ya ƙirƙiro jarumi wani kaso idan jarumin ya tsallaka zuwa fim, kuma duk kamfanin da ya sayi wani ya san da bashin ya saya. Yadda za a tilasta hakan, lauyoyi su ji da shi. Na masoya ya fi sauƙi, su mayar da sunan marubuci saman jerin, su bar hatimi a ƙasa. Peter David yana da littattafan da babu tambarin kowa a kansu, irin su Knight Life na 1987 da Sir Apropos of Nothing na 2001. A cikin jerin ta'aziyyar da suka wuce ta gabana a makon mutuwarsa, sai na yi ta gangarawa ƙasa kafin in ci karo da ɗayansu.