Masta Nake Nema, Jan Biro Ya Biyo Ni

Nifa da na ce zan yi masta na ɗauka cike fom ne kawai a wuce wajen, ashe zaɓen kwas ɗin ma karatu ne mai zaman kansa. Abu biyu nake so, koyar da Turanci ga waɗanda ba yarensu ba ne da kuma rubutu, to ina shiga intanet sai ga MA TESOL, wato mastan koyar da Turanci ga waɗanda ba yarensu ba ne, ga Applied Linguistics na amfani da ilimin harshe a aikace, ga MFA na masu rubuta labarai da waƙoƙi, ga wata CELTA ta Cambridge wadda ita ba digiri ba ce ma, kwas ne na koyar da Turanci na kamar wata ɗaya, kowanne na karanta bayaninsa sai in ji ai wannan don ni aka yi shi. Umma ta ganni na tasa kwamfuta gaba ta ce "wai Turancin da kake cika mana kunne da shi a gidan nan ne za ka koma koya?" Na ce a'a Umma, yadda ake koyar da shi zan koya. Ta ce to Allah ya shirya.

Daga baya na gano akwai fanni sukutum na rubutu a harshe na biyu, har mujallarsu gare su tun 1992. A nan na ci karo da wani John Truscott, wanda a 1996 ya ce gyara wa ɗalibi nahawu a rubutunsa ba ya tsinana komai, har cutarwa yake, a daina. Wallahi kamar in rungume mutumin! Ni da malamai suka yi ta wanke min littafi da jan biro tun ina firamare, yau ga masani ya tsaya min. Nan take na zuba a takardar neman gurbi cewa ni in na zama malami ba ni ba jan biro har abada.

Wata jami'a ta kira ni intabiyu ta bidiyo. Na sa riga mai kyau daga sama, ƙasa kuma ba sai na faɗa ba. Farfesar ta saurare ni ina ta zuba kamar kanyar da ba daɗi, sannan ta tambaya ko na karanta martanin da Dana Ferris ta yi wa Truscott a 1999, na cewa gyaran da aka yi da tsari yana taimakon ɗalibai. Na ce sosai ma, ai shi Ferris mutum ne mai zurfin tunani, ina girmama shi ƙwarai. Ta ɗan sauke tabarau ta ce Ferris mace ce. Na ce eh ai intanet ɗina ne ke yankewa.

Bata ce komai ba, sai kawai ta ɗora takardata a kan allo, jama'a ja ko'ina, layin farko kaɗai gyara uku, har a jimlar da na yi rantsuwar rabuwa da jan biro akwai harafin da na tsallake. Ta ce tunda na yi imani gyara ba shi da amfani, ta turo min ko ta goge?

Na ce ranki ya daɗe a turo, zan ajiye ne saboda bincike.