Ɓarawon da ya riga ya shiga hannu, dukan na mene ne kuma?

Tunda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kusan kowa a ƙasar nan tamu ta Sudan ya zama mai gadin kansa, kuma ban ga laifin kowa ba. Manomi a Gadarif da ya yanke riɗinsa ya jingina yana jiran ya bushe, dole ya kwana a gona da cocila da gora, haka mai shago a Sinnar ko Mai Wurno. Amma akwai maganar da nake yawan ji a majalisa wadda ke damuna, wai tunda hukuma ta yi nisa to duk abinda ka yi wa ɓarawo halal ne.

Ba haka dokar ta ce ba fa. Sashe na 12 na dokar manyan laifuka ta Sudan ta 1991 ya ba ka damar kare kanka da dukiyarka da mutuncinka, har ma na wani, amma sai haɗarin ya zama yana faruwa ko yana dab da faruwa, kuma babu halin kaucewa ta hanyar hukuma ko wata hanya, sannan ka tunkuɗe shi daidai gwargwadon buƙata. Kisa da gangan kuwa an taƙaita shi ga manyan abubuwa, kamar tsoron a kashe ka ko a yi maka mummunan rauni, fyaɗe, sace mutum, fashi, ko a cinna wuta. Yaron da ya saɓi buhun dawa ya ruga ba ya cikin wannan layin, ko kusa.

Masu cewa ai Annabi (SAW) ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, gaskiya ne, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Sai dai ana magana ne kan wanda ya zo ƙwace da ƙarfi, yana tsaye a kanka. Malaman fiƙihu ma a babin daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai kawo hari, cewa suka yi a fara da mafi sauƙi, in ihu zai kore shi ba a kai ga sanda, in sanda ta isa ba a zaro wuƙa.

Na yarda, wanda 'yan tis'a ɗawila, wato 'yan ƙwacen kan titi, suka tare da adda a titin Khartoum ba shi da lokacin auna komai, kuma rashin 'yan sanda a kusa hujja ce mai ƙarfi gare shi. Ni matsalata tana wajen abinda ke biyo bayan kamu. An ɗaure mutum da igiyar jaki a gindin bishiya, kayan ma an karɓe suna ajiye a gefe, amma kowa ya zo wucewa sai ya sauke nasa, har da wanda ko me aka sata bai sani ba, wani ma haushin akuyarsa da ta ɓata bara yake hucewa. To a nan wane haɗari ake tunkuɗewa?

Kuma in rai ya fita, magana ta koma ta jini. Wanda ma ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya yana tsaka da kare kansa, sashe na 131 bai wanke shi ba, sassauta masa ya yi zuwa kisa mai kama da ganganci, akwai ɗauri akwai diyya, balle wanda ya daki ɗaurarre. Dangin mamacin nan ba za su tambayi buhu nawa aka ɗauka ba, sunan wanda ya fara ɗaga gora za su nema, kuma yawanci mai gonar ne.