Mutum Ɗaya Cikin Biyar

Abin da ya tunzura ni shi ne ragowar tuwon masara da na tarar a bakin rariya da sassafe, malmala ɗaya da rabi, ƙudaje suna ta shagali a kai, alhali a lokacin tiyar masara a kasuwar Sabon Gari ta kai kuɗin da sai mutum ya yi salati kafin ya taya. Da na tambaya, sai uwargida ta ce yaran ne suka ce sun gaji da miyar kuka, taliya suke so. Ban ce uffan ba, amma na ƙudurta a raina cewa lallai sai na yi wa gidan nan gyara.

Aka yi dace ranar 16 ga Oktoban 2024 ce, Ranar Abinci ta Duniya, na kuma ji a rediyo ana karanto rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a shekarar 2023, wato mutum ɗaya cikin kowane goma sha ɗaya a duniya, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar. Nan da nan na rubuta alƙaluman a bayan takardar kuɗin wuta, ina jin kaina kamar malamin da ya samo hujjar da za ta kashe bakin abokin muƙabala.

Bayan sallar Magariba na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na tara 'ya'yana uku da mahaifiyarsu, na gyara murya. Na shaida musu cewa masu kwana da yunwa sun ninka mutanen Najeriya sau uku har da ɗoriya. Na ba su labarin farin 1973 kamar yadda mahaifina ya ba ni, yadda shanu suka riƙa faɗuwa, mutane suka yi ta kwararowa daga Nijar, wasu har da tonon gidan tururuwa don neman tsaba. Na ƙara da cewa ba sai an je Sudan ba, duk wanda ya saurari almajirin da ke cewa "ko ɗan ƙanzo, Iya" a ƙofar gidanmu ya ji muryar yunwa. Ni kaina jawabin ya ratsa ni, har na yi tunanin ko aikin gwamnati ne ya tare mini hanyar zama mai wa'azi.

Auta, mai shekara shida, yana ta ƙirga yatsu. Can ya ɗago ya ce, "Baba, to ai mu ma biyar ne, kuma a Afirka muke. Wane ne a cikinmu?" Na yi dariya na ce alhamdulillahi babu ko ɗaya, kuma dalilin godiyar ke nan. Sannan na kafa doka: daga yau duk abincin da aka yi sallar Isha'i mai shi bai ci ba, na mabuƙata ne, ko na wane ne, kada kuma a tsaya neman izinina.

Ranar Juma'a uwargida ta sanar da ni za ta yi dambun shinkafa da zogale, ga kuma zakara da aka yanka. Saboda haka da aka kawo shinkafa da wake a majalisarmu ta Tudun Wada, na ce na ƙoshi, ina tanadar wa zakara wuri. Hira ta yi daɗi, gardamar siyasa ta ɓarke, sannan keken da na hau ya mutu kafin Ƙofar Doka, direban ya ce in taimaka da turi. Ban shiga gida ba sai tara da rabi, cikina yana ƙugi kamar hadarin Agusta.

Na wanke hannu, na zauna, na buɗe kular, na tarar da ita fes, har an wanke an goge. Babbar 'yata ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Baba, almajirai biyu ne suka zo bayan Isha'i, mun cika umarninka. Sun yi maka addu'a sosai, musamman wanda ya sami cinya." Na dubi uwargida ina neman ɗauki, sai ta ce, "Ai Malam, da bakinka ka ce ko na wane ne," tana danne dariya da gefen mayafi. Na buɗe baki zan ce dokar ba ta shafi mai gida ba, sai na ga idanu shida sun zubo mini, na mayar da maganar ta koma "Allah ya yi muku albarka."

Na fita wurin mai shayi, na tarar ya kife tebur. Na dawo na jiƙa garin kwaki, babu sukari babu ƙuli, domin an aika da su ga tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu tun da rana, duk cikin aiki da wa'azina. Ina cikin kurɓa a hankali don kada a ji, sai Auta ya leƙo daga ɗaki, ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya ƙwala wa yayyensa kira: "Ku taso ku gani, na gano shi! Ashe Baba ne na biyar ɗin."