Kafin a fasa dutse, a duba abin da ke kansa

A tsaunukan Sina'i na ƙasar Masar, yankin da malamai ke ambata a ƙissar Annabi Musa (AS), akwai wani malam-buɗe-littafi mai shuɗin fiffike, girmansa bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Yana cikin mafiya ƙanƙanta a duniya, kuma sai a 1975 masana suka ba shi suna. Duk faɗin duniya ba shi da gida sai 'yan kwazazzaban da ke kusa da garin Santa Katarina, sama da mita 1,800 daga doron teku. Tsutsarsa ba ta cin komai sai furen wani tsiro guda, dangin tayim ɗin da mata ke zubawa a miya. Idan fari ya ƙona tsiron, ko masu neman magani suka tumɓuke shi, an gama da shi.

Shi dai wannan ya yi sa'a: an san da zamansa, kuma tun 1988 gwamnatin Masar ta keɓe yankin. Namu nake jiye wa.

Na tashi a wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, gidanmu a gindin dutse. Da ruwan farko ya sauka, sai ka gan su sun yi dandazo a kan laka bakin rijiya, farare da rawaye, muna bin su muna cewa malam buɗe mana littafi. Can saman dutsen kuwa, inda ruwa ke kwanciya a kwarmi, akwai wasu ƙanana masu ɗigo-ɗigo da ban taɓa gani a gona ba. Bara na koma da damina, rabin dutsen ya tafi. Wani kamfani ya sa nakiya, tifa-tifa na kwasar tsakuwa, ƙura ta rufe ganyen dawa. Kwarmin babu shi.

Na san amsar da za a ba ni: talaka na neman na tuwo, wa ya damu da ƙwaro? Gaskiya ne samarinmu na samun na cefane a wurin, hanya ma ba ta yiwuwa sai da tsakuwa. Ban ce a daina ba. Amma tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta ce a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A ƙauyenmu ban ga wanda ya hau dutsen da littafi da biro ba.

Najeriya na da nau'in malam-buɗe-littafi sama da 1,000. Duwatsun Riruwai, na Kazaure da na Dutse kuwa kamar tsibirai suke a tsakiyar gonaki, irin wurin da halitta ke maƙalewa ita kaɗai. Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse na da ɗaliban kimiyyar halittu. A tura su da damina su ƙirga, su tambayi makiyaya da masu sassaƙe, waɗanda suka san kowane tsiro da sunansa. Dutsen da aka tarar da abin da babu shi a wani wuri, hakimi da gwamnati su ce a bar wannan, a fasa na gaba.