"Wallahi ban gan shi ba" ba uzuri ba ne

Tun jiya da na sa hoton mashin ɗin ƙanena da mota ta buge nake karanta kwamen ɗinku, kowa sai tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Amin. Amma ni fa har yanzu zuciyata ba ta huce ba.

Mai motar ya fito yana ta rantsuwa bai gan shi ba, kuma na yarda bai gan shi ba ɗin, ta yaya ma zai gan shi? Ni na ja masa motar zuwa gefen titin Zariya don jikinsa rawa yake, ina zama na kalli madubin dama ba abin da ke ciki sai ƙofarsa ta baya. Na hagu ma haka. Bawan Allah, ƙofar motarka guduwa za ta yi da ka sa mata ido? Madubin gefe an yi shi ne don hannun da ke kusa da kai, ba don jikin motarka ba. Yaro na kwance da karaya a ƙafa saboda abin da bai kai minti 2 ba a gyara.

Kuma gyaran ba wuya. Mota na tsaye, ka jingina kanka da gilashin ƙofarka, ka tura madubin hagu waje har sai jikin motar ya rage ɗan siriri a bakin madubin. Sai ka karkato kanka tsakiyar mota, saitin madubin ciki, ka yi wa na dama haka. In ka koma ka zauna daidai ba za ka ga motarka a ciki ba, to haka ake so. Mai son wuce ka za ka fara ganinsa a madubin ciki, kafin ya fice daga nan ya shigo na gefe, kafin ya fice daga na gefe ka hango shi da gefen idonka. Tun 1995 wani injiniya a Amurka, George Platzer, ya yi bayanin wannan, mu har yau muna kallon ƙofofinmu.

Na san masu cewa shekara 20 suna tuƙi a haka ba abin da ya faru. Allah ne ya rufa asiri, shi ma na jiyan haka ya faɗa. Masu cewa to ribas fa, sai ka ɗan karkata kai jikin motar ya dawo, ribas ɗin sau nawa kake yi a rana? Canza hannu kuwa ba ya ƙirguwa. Don girman Allah ku gyara, ku sa sigina da wuri, kuma ku ɗan waiga kafin ku karya sitiyari saboda mashin ƙarami ne yana iya ɓuya. Wanda ke kai ɗan wani ne, ana jiransa a gida.

Su kuma 'yan adaidaita sahu da ke juya madubi ciki yana kallon fasinja, ku ma ina da magana da ku. Wanda na hau zuwa asibiti da safen nan duka biyun fuskata suke nunawa, a haka ya yanko gaban tirela a Hotoro ko waigowa bai yi ba.