Waƙar da muka taka wa rawa alhali mai ita tana nutsewa

Daren jiya muna hanyar komawa gida, mun maƙale a cunkoson motoci, sai wata tashar rediyo ta saki "Rehab" ta mawaƙiyar Ingila Amy Winehouse, waƙar da sunanta ke nufin cibiyar da ake kwantar da masu shaye-shaye. Tana buɗe baki na gane ta. Kafin in ankara yatsuna sun fara buga sitiyari, kai yana kaɗawa, kamar yadda nake yi tun 2007 da na fara jin ta ina ɗalibi. Can sai 'yata ta fari ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Baba, mene ne take ta cewa a'a a kansa?" Na ce mata cewa aka yi ta je a yi mata magani, ta ƙi. Ta ce, "To daga baya ta warke?" Na ce ba ta warke ba, ta rasu. Yarinyar ta yi shiru, sannan ta ce, "To me ya sa waƙar take da daɗi haka?"

Har muka isa gida ban ba ta amsa ba. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, don tambayar ta hana ni barci.

Yadda aka samu waƙar ma abin lura ne. A 2006 Amy ta je birnin Niyok don yin aiki da wani mai haɗa kiɗa, Mark Ronson. Lokacin shekarunta 22, ta riga ta fitar da kundi ɗaya mai suna Frank a 2003, an san ta a Ingila amma ba can-can ba. Wata rana suna tafiya a ƙasa a bakin titi, tana ba shi labarin wani lokaci da shan giya ya yi mata yawa har aka so kai ta cibiyar da ake kwantar da masu shaye-shaye, ta ce masa ita kuwa ta ce a'a, a'a, a'a. Ronson da kansa ya sha ba da labarin nan: yana jin yadda ta jero a'a ɗin sau uku, kunnensa na mai kiɗa ya ce masa ga amshi. Suka koma situdiyo, cikin ɗan lokaci ta rubuta baitocin.

Ga wurin da nake so a tsaya. Da ta fara rerawa, a hankali ta rera ta, da salon blues mai jan ƙafa, irin na wanda ke zaune shi kaɗai da dare. Ronson ne ya ce a ɗaga gudunta, a sa mata kiɗa irin na ƙungiyoyin 'yan matan Amurka na shekarun 1960, waɗanda Amy take mutuwar so. Shawarar da ta mayar da waƙar dukiya ke nan. Kuma a ganina ita ce ta rufe mana kunne. Da an bar ta a yadda ta zo, da duk wanda ya ji zai ce yarinyar nan tana cikin wani hali. Da aka sa mata tafi da ƙararrawa da busar ƙahonni, sai ƙin magani ya koma kirari.

Ba ina zargin Ronson ba ne. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau matuƙa. Don ya samu sautin da yake nema bai tsaya ga kwamfuta ba, ya tsallaka Brooklyn, wani tsohon gida da kamfanin Daptone ya mayar situdiyo, inda ake naɗar kiɗa a kan tef da tsofaffin na'urori kamar yadda ake yi shekaru arba'in kafin nan. A can ya ɗauko makaɗan da ake kira Dap-Kings. Ku sake saurarar waƙar da abin sawa a kunne, ku bar muryar, ku bi ganga kawai. Busasshiya ce, ba amo mai yawa, kamar a ɗakinka ake buga ta. Ƙahon nan mai kauri da ke amsa mata daga ƙasa kuwa kamar wani dattijo ne yake gyaɗa kai. Mutane ne suke wasa tare, suna jin numfashin juna, kuma kunne yana gane haka ko mai kunnen bai san sunan ko kayan kiɗa ɗaya ba. A lokacin da rediyo ta cika da kiɗan inji, wannan sauti ya faɗo kamar ruwan farko.

Sai dai makaɗan nan ba na Amy ba ne. Suna da uwar ɗakinsu, Sharon Jones, kuma duk lokacin da aka yi maganar "Rehab" aka tsallake sunanta raina yana sosuwa. Baƙar fata ce haifaffiyar Augusta a jihar Jojiya, garin da shahararren mawaƙi James Brown ya tashi. Ta shafe shekaru tana neman a ɗauke ta, ta ce an taɓa gaya mata ƙiri-ƙiri ta cika baƙi, ta cika gajarta, ta cika ƙiba, kuma shekaru sun ja. Ta yi aikin ganduroba a kurkukun Rikers, ta yi gadin motar dakon kuɗi, ba ta fitar da kundinta na farko ba sai a 2002, tana da shekara arba'in da 'yan kai. Ita ta yi shekaru tana zufa a ƙananan dandali da wannan sauti tun ba mai waiwayarsa. Sai ga yarinya farar fata daga arewacin Landan ta ari makaɗanta, duniya ta ce an farfaɗo da kiɗan soul. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana, kodayake a nan ba zan kira Amy gardi ba, don ita ba ta taɓa ɓoye inda ta sha ruwa ba, kuma waƙoƙinta ita ta rubuta abinta da jininta. Kasuwar ce take da son kai. Kiɗan da baƙaƙen Amurka suka gina a Detroit da Memphis, sai ya dawo a bakin wata kafin manyan kamfanoni su tuna yana da daraja. Sharon ba ta shiga takarar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, ba sai da kundinta na 2014, ta rasu a Nuwamba 2016 da ciwon daji, tana da shekara 60.

An saki "Rehab" ranar 23 ga Oktoba 2006, 'yan kwanaki kafin kundin Back to Black. Ta kai ta 7 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Birtaniya. A Amurka sai da ta rera ta a bikin MTV a Yunin 2007 sannan ta yi tsalle zuwa ta 9. A shekarar ta ci lambar Ivor Novello, wadda ake ba marubuta waƙa a Birtaniya, mujallar Time kuma ta sa ta a kan gaba cikin waƙoƙin 2007. Ƙofar da ta buɗe ce mawaƙan Birtaniya Duffy da Adele suka bi.

Daren da ya fi tsaya mini a rai shi ne 10 ga Fabrairu 2008, daren Grammy. Amy ba ta je Los Angeles ba. An fara hana ta biza, da aka ba ta kuma lokaci ya ƙure. Makonni biyu da 'yan kwanaki kafin nan ta shiga irin cibiyar nan da ta ce ba za ta je ba. Daga can aka fito da ita, aka tsayar da ita a wani dandali a Landan cikin tsakar dare, ta rera waƙar ƙin magani ta tauraron ɗan'adam, zauren Amurka yana tafi. Lambobi biyar ta kwasa a daren, uku daga ciki na wannan waƙa ne. Da dattijon mawaƙi Tony Bennett, wanda take girmamawa tun tana yarinya, ya kira sunanta, ta daskare da baki buɗe, sannan ta rungumi mahaifiyarta. Na kalli hoton nan ya fi sau ashirin. Fuskar ƙaramar yarinya ce da aka yi wa albishir. Daga baya wata ƙawarta ta yarinta ta ba da labari cewa a daren nan Amy ta ja ta gefe ta ce mata duk abin nan ba ya mata daɗi tunda ba ƙwaya a jikinta. Mawaƙiya Natalie Cole, wadda ta tsaya tare da Bennett wajen sanar da lambar, kuma wadda ita ma ta sha fama da shaye-shaye a baya, ta fito ta ce bai kamata a karrama Amy a halin da take ciki ba. Mutane da yawa suka yi mata ca, har da ni a raina. Yau ban yarda a hana mai aiki ladan aikinsa ba, amma na gane abin da matar ta hango.

Ku duba abin da baitocin ke faɗa, ba kiɗan ba. Ta ce ba ta da kwana 70 da za ta ɓata. Ta ce mahaifinta yana ganin lafiyarta ƙalau. Ta ce ta fi son zaman gida da Ray, kuma ba abin da za a koya mata wanda ba za ta koya wurin Hathaway ba. Ray Charles take nufi da Donny Hathaway, malamanta biyu a waƙa. Amma Ray Charles ɗin nan ya yi shekaru da yawa yana fama da hiroyin, aka kama shi a Boston a 1964, a 1965 ya shiga asibiti a Kalifoniya ya daina, ya rayu har 2004, ya mutu yana da shekara 73. Mutumin da ta fake da shi don kada ta je, shi ya je. Hathaway kuwa ciwon taɓin hankali ya yi fama da shi, ya faɗo daga benen wani otal a Niyok a Janairun 1979, yana da shekara 33. Hanyoyi biyu ne a cikin baiti ɗaya, mu kuma muna ta tafi.

Ba daga littafi na san wannan a'a ɗin ba. Ɗan kawuna, wanda na goya yana jariri, ya faɗa shan maganin tari da ƙwayoyi. Ranar da muka taru a zaure don a kai shi asibiti, ya dube ni ya ce, "Yaya, ni fa ba mahaukaci ba ne. Duk ranar da na ga dama zan bari." Bai yi tsawa ba, har da murmushi, har da wasa, yadda za ka ji kamar kai ne ka zaƙe. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce a ƙara masa lokaci, yaron kirki ne, abokai ne suka ja shi. Inna kuma abin da ke damunta kada unguwa ta ji. Muka watse. Shekara biyu muka ƙara a kan wannan watsewar.

Saboda haka ba na iya shiga sahun masu jifan mahaifin Amy, direban tasi, wanda fim ɗin tarihinta na 2015 ya nuna yana cewa ba ta bukatar zuwa. Shi ya ce an datse maganarsa, a wancan lokacin kawai yake nufi. Ko ma yaya ne, na ga irin fuskarsa a zaurenmu. Uba ne da ke son ya gaskata 'yarsa. Laifin da nake gani ya fi girma yana wurin waɗanda ba su da wannan uzuri: jaridun da suka mayar da ƙofar gidanta kasuwa, masu barkwanci a talabijin da suka yi ta cin abinci da sunanta, da mu masu saye da kallo. Duk lokacin da ta yi tangaɗi a kan dandali, kanun labarin a shirye yake, daga waƙarta ake ciro shi. Ita ta ba mu sandar da kanta, muka karɓa.

A 18 ga Yuni 2011 aka hau da ita dandali a Belgrade, babban birnin Sabiya, ba ta ma iya tsayuwa sosai, baitoci suna kuɓuce mata, dubban mutane suna mata ihu. Ranar 23 ga Yuli aka same ta a gidanta na unguwar Camden a Landan ba rai. Shekararta 27. Bincike bai samu haramtacciyar ƙwaya a jininta ba. Giya ce, ninki biyar da ɗoriya na abin da doka ta yarda direba ya hau titi da shi, bayan ta yi makonni ba ta sha ba. Wannan ya fi komai ci mini rai: tana ƙoƙari. Wadda ta ce a'a a 2006 ta daɗe da fara cewa to, a ɓoye, tana faɗuwa tana tashi, amma duk inda ta je waƙar farko ake so ta maimaita.

Wani zai ce to da ba a yi waƙar ba ke nan. A'a. Ina nan a kan cewa tana cikin waƙoƙi mafi kyau da aka yi a wannan ƙarni, kuma kyawunta daga gaskiyarta yake. Ban taɓa jin wani ya kama muryar mai shaye-shaye daidai haka ba: taurin kai, wayo, raha, da tsoron da ke leƙowa a baitin da ta ce ba ta son ta sake sha, aboki kawai take bukata. Baitin nan yana nan tun ranar farko, ba a ɓoye yake ba. Shekara huɗu ina rera waƙar ban ji shi ba, sai da ta mutu. Asalin kiɗan soul ma haka yake, daga coci ya fito, kuka ne da aka koya wa rawa don mai shi ya iya ɗauka. Waɗanda suka ƙirƙire shi sun san ana taka rawa ana share hawaye a lokaci guda. Mu da muka karɓe shi sabo a 2007 rawar kawai muka ɗauka.

Ɗan kawuna dai daga ƙarshe an kai shi, ba da son ransa ba, yana zagin kowa a mota har muka isa. Ya fito, ya koma ruwa, aka sake mayar da shi. Yanzu watansa bakwai rabonsa da shaye-shaye. Yana koyon gyaran waya a wurin wani abokina, ya yi ƙiba har Inna tana tsokanarsa. Da safen nan, kafin in fara rubutun nan, na kira shi ba don komai ba. Ya ɗauka ya ce, "Yaya, lafiya da sassafe haka?" Na ce lafiya lau, muryarka kawai nake son ji.